Wahalar Fitsari Ga Dattawa: Dalilinta Da Maganinta

'Yan'uwa manoma, akwai wani ciwo da ke damun dattawanmu da yawa, amma kunya ta hana su faɗi. Mutum ya tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare ɗaya. In ya tsuguna sai ya daɗe yana yunƙuri, fitsarin ya zo siriri yana yankewa, ya gama kuma ya ji kamar da saura. Gari ya waye ba barci, ba ƙarfin riƙe fartanya.

Mene ne dalili?

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka kamar girman goro, wadda likitoci ke kira furostet. Aikinta yin wani sashe na ruwan maniyyi. Hanyar fitsari ta tsakiyarta ta bi. In mutum ya wuce shekara 40 sai tsokar ta fara ƙara girma a hankali, saboda tsufa da aikin sinadarin mazakuta na jiki. Ku da ke noman rani a fadamar Rima kun san abin da ke faruwa in aka taka tiyon ban ruwa. Haka tsokar nan ke matse hanyar fitsari. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, ko da yake ba duka yake damu ba. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wurin mace.

Ina haɗarinsa?

Fitsarin da ya kwanta a mafitsara yakan jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa. In abin ya daɗe sai ya taɓa ƙoda. Wata rana kuma fitsarin ya tsaya cik, mara ta kumbura da azabar ciwo. In haka ta faru, a kai mutum asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, a sa masa robar fitsari.

Akwai cututtukan da ke kama da wannan. Ciwon sanyin da bai warke ba yakan tsuke hanyar fitsari. Ciwon suga yakan sa yawan fitsari. Tsargiya takan kawo jini. Ciwon daji ma yakan kama tsokar nan, shi ne kuwa dajin da ya fi kama maza a Nijeriya. Kumburin tsufa ba ya rikiɗa ya zama daji, amma likita ne kaɗai zai iya rarrabe su.

Magani

A birnin Sakkwato ana duba masu wannan ciwo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na Jiha. Likita zai sa safa ya taɓa tsokar da yatsa ta dubura, a auna fitsari da jini, a ɗauki hoton mara. Dubawar ba ta daɗewa.

In ciwon bai yi tsanani ba, a rage shan ruwa bayan magariba, amma a sha sosai da rana, musamman da bazara. A rage shayi da goro da giya. A yi hankali da maganin mura na kanti, don wasu sukan ƙara riƙe fitsari.

Ƙwayar tamsulosin tana saki hanyar cikin 'yan kwanaki ko makonni, amma takan sa jiri in an miƙe da sauri. Finasteride kuma tana rage girman tsokar, sai dai takan ɗauki wata 6 kafin a ga amfaninta. Kada a sha ko a daina sai da izinin likita. In ƙwaya ta kasa, sai tiyata. Sau da yawa ta hanyar fitsari ake bi a kankare tsokar ba tare da yanka ciki ba.

Aikin ƙungiya

Muna ba kowace ƙungiyar gama kai shawara ta ware wani abu a asusunta lokacin kaka saboda kuɗin mota da na gwaji. A zaɓi dattijo guda wanda tsararrakinsa za su iya gaya wa damuwarsu a asirce. Ku matasa, in kun lura baba yana yawan fita da dare, ku nemi ƙaninsa ko amininsa ya yi masa magana, ku kuma raka shi asibiti tun kafin damina ta faɗi.