Niƙaƙƙiyar Gyaɗa da Lafiyar Kare a Arewacin Gana

A kasuwannin Salaga da Yendi da Bawku ana sayar da gyaɗa soyayya da aka niƙa har ta yi kauri, a kai ta gida a kaɗa miya. Irinta ce Turawa ke zubawa a kwalba suna shafa wa burodi. Ɗalibi ya kula: wannan ba ita ce man gyaɗa ba, domin man gyaɗa ruwan mai ne da ake tatsa, ya bar tunkuza, wadda ake murzawa a soya ƙuli-ƙuli. To, shin mafarauci ko mai karen gadi zai iya ba karensa niƙaƙƙiyar gyaɗa?

Zai iya, in zalla ce kuma kaɗan, domin gyaɗa ba guba ba ce ga kare. Sai dai maiƙonta yana da yawa, in ya ci da yawa yakan kawo gudawa ko ƙiba.

A Amurka abin da likitocin dabbobi ke tsoro shi ne wani sinadari mai zaƙi da wasu kamfanoni ke sawa a madadin sukari, wanda ake rubutawa xylitol a jikin kwalba. Ba ya cutar da mutum, amma yana sa jikin kare ya saki insulin da yawa, sukarin jininsa ya faɗi cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, wani lokaci har hanta ta lalace. Gyaɗar da aka niƙa a injin unguwa ba ta da wannan sinadari.

Haɗarin da ya fi kusa da mutanen waɗannan garuruwa fumfuna ce. Damina ɗaya ake yi a arewacin Gana, kuma sau da yawa ana cire gyaɗa ruwa bai gama ɗaukewa ba. In aka shanya ta a ƙasa, ko aka ɗure ta a buhu da sauran danshi, sai fumfuna ta kama ta, ta bar dafin da ake kira aflatoksin, mai cin hanta. An gano dafin ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin garin gyaɗa da aka kawo daga Birazil. Suya ba ta kawar da shi duka, niƙa kuwa ɓoye ruɓaɓɓun ƙwayoyin kawai take yi. Kare yana cikin dabbobin da ba sa jure shi: a 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta samu rahoton mutuwar dabbobin gida fiye da 100 da suka ci abincin kanti mai wannan dafi, kodayake masara ce ta jawo shi.

Abin takaici, ƙwayoyin da aka tsince aka ware, wato masu baƙi da ɗaci da waɗanda suka yamushe, su ake yawan watsa wa dabbobi, alhali a cikinsu dafin ya fi taruwa. Karen da ya kamu yakan ƙi abinci, ya yi amai da kasala, idonsa da dasashinsa su yi rawaya, sai a hanzarta kai shi wurin likitan dabbobi. Ragowar miyar gyaɗa ma ba ta dace da shi ba, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.