Bradford: Birnin Masaƙu Da Ya Koma Dogaro Da Al'adu

Tsofaffin biranen masana'antu na arewacin Ingila sun rungumi harkar fasaha da al'adu a matsayin hanyar farfaɗowa. Hull ta riƙe kambun Birnin Al'adu na Birtaniya a 2017, Bradford kuma a 2025. A Bradford ne aka fi ganin amfanin wannan dabara da kuma iyakarta.

Mafarin abin shi ne durƙushewar masaƙu. Ulu ne ya ɗaukaka Bradford a ƙarni na 19, kuma bayan yaƙin duniya na biyu masaƙun suka ɗebo ma'aikata daga Pakistan, musamman yankin Mirpur, akasarinsu don aikin dare. Da kasuwa ta karye a shekarun 1970 da 1980, sai aka bar birnin da kangayen gine-gine da zaman kashe wando. Tarzomar 2001 ta ƙara zubar masa da mutunci.

Masaƙar Salts da ke Saltaire ce ta nuna mafita. An rufe ta a 1986, shekara guda bayan nan ɗan kasuwa Jonathan Silver ya saye ta, ya rataye zane-zanen David Hockney, haifaffen Bradford, a ƙarƙashin rufin da ƙarar injina ta taɓa cikawa. Yau akwai shagon littattafai da wuraren cin abinci da ofisoshi a ciki. UNESCO ta sanya Saltaire cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, sannan a 2009 ta naɗa Bradford Birnin Fim na farko a duniya.

Babbar ribar ta fi bayyana a zamantakewa. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mazauna gundumar Bradford Musulmi ne. Bikin adabin da Syima Aslam da Irna Qureshi suka kafa a 2014 yana haɗa zaman waƙen Urdu da tattaunawa kan littattafan 'yan gidan Brontë, kuma marasa ƙarfi na shiga kyauta. Jikokin masu aikin dare sun zama masu shirya taro, ba 'yan kallo kaɗai ba.

Sai dai biki ba ya maye gurbin masaƙa. Ayyukan da yake samarwa kaɗan ne, da yawansu na ɗan lokaci. A 2024 sai da gwamnatin Birtaniya da ke London ta ba majalisar birnin izinin cin bashi na musamman kafin ta iya daidaita kasafinta. Ga kuma darasin Coventry: gidauniyar da ta shirya bikinta na Birnin Al'adu na 2021 ta rushe a 2023 saboda matsalar kuɗi.

Al'adu sun dawo wa Bradford da suna, sun kuma raya gine-ginenta. Amma muddin ba a tanadi kuɗin dindindin ga ɗakunan karatu da cibiyoyin matasa na unguwanni irin su Manningham ba, baƙi ne za su ci moriyar bikin fiye da 'yan gari.