Igiyar Guga da Ƙarfin Jarumi

Da dare a fadar samari a Barmu, shayi na bisa gawayi, waya ɗaya tana zagaya hannu shida. Gardamar da ta hana su barci ita ce: tsakanin Superman da Flash, wa ya fi gudu? Wani ya rantse Flash zai je Abijan ya dawo shayin farko bai tafasa ba. Wani ya ce mai tallabe jirgin sama da hannu ɗaya ya wuce a gwada shi da ɗan tsere. Ɗan ƙanwata ya waiwayo ya ce, "Kawu, raba mana gardama." Na ce, "Ɗana, gobe da sassafe ka raka ni bakin rijiya."

Duk wanda ya tashi a arewacin Adar ya san rijiya suna ta tara. A fadama, inda ruwa ke kusa, igiya gaba uku ta isa, yarinya ma da hannu take ja. A tudu kuwa, tsakiyar rani, sai an ɗaura wa jaki ko raƙumi igiya, yaro ya kora shi ya yi ta tafiya, kafin wasaki ya leƙo yana zubar da ruwa. Washegari na nuna wa yaron icen bakin rijiyar, yadda igiya ta ci shi layi-layi. Na nuna masa ƙulli uku a jikin igiyar: duk lokacin da ruwa ya ja baya, sai a samo guntu a ƙara. Idan ka je sayen igiya a kasuwa, tambayar farko ita ce, rijiyarku gaba nawa ce? Zurfin rijiya shi ke yanka igiya.

To, ƙarfin jarumin labari igiya ce a hannun mai ba da labari, matsalar da ya jefa shi ciki kuma ita ce rijiyar. Da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman a Amurka a 1938, ba ya ma tashi sama. Tsalle yake yi mai nisa, yana tsere wa jirgin ƙasa, yana ɗaga mota. Abokan gābarsa a lokacin 'yan fashi ne da azzaluman masu kuɗi, rijiyar fadama ke nan. Da abokan gāba suka ƙara girma, sai aka yi ta ƙara ƙulli. Ya fara shawagi a sama, har a fim ɗin 1978 ya kewaya duniya da gudun da ya mai da lokaci baya don ya ceto masoyiyarsa Lois Lane. Igiya ta yi tsawo har ta fara harɗe ƙafa, domin jarumin da ba abin da ke gagararsa ba ya sa zuciyar mai kallo ta buga. A 1986 kamfanin DC mai buga labarin ya ba marubuci John Byrne aikin sake labarin, shi kuma ya rage masa ƙarfi. Tseren da samarinmu ke gardama a kai ma an taɓa yin sa a 1967, su biyun suka iso tare. Mai alƙalami ne ya so haka.

Mu ma muna da irinsu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya yi shekaru a zaune ba ya iya tafiya, sannan aka ba shi ƙarfin da rundunoni ke gudu a gabansa. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya yaƙi Turawa, ya kuma shiga ƙasar aljannu. Kowanne an auna masa igiya daidai rijiyarsa, don haka tambayar wa zai ka da wani a cikinsu ba ta da alƙali.

Inda ake samun alƙali shi ne filin kokowa. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe, ƙasa ce ke yanke hukunci: wanda ya faɗi ya faɗi, dubban idanu sun shaida. Jarumin labari ba shi da ƙasar da za ta taɓa bayansa sai wadda marubuci ya shimfiɗa masa.

Ban ce samari su bar gardamarsu ba. Ina son ta, domin a nan suke koyon kafa hujja da sauraren ta wani. Fatana dai su ƙara tambaya ɗaya. A bakin rijiya ba a yabon igiya don tsawonta, ana duban ruwan da ya isa kwami ne, da dabbobin da suka sha. Iliya garinsu ya tsare da ƙarfinsa. Superman na farko raunana yake tsaya wa. Wannan ake iya aunawa, kuma shi ne yaro zai iya kwaikwaya.

Da muka juyo gida, ɗan ƙanwata ya karɓi jarka biyu daga hannun wata tsohuwa, ya ce, "Inna, kawo in kai miki." Tafiyar hawainiya ya yi, yana haki, amma ruwan ya isa gida.