Ɗinki Sai Da Gwaji: Yadda Ake Haɗa Wa Masu Harka Bayanan Aikinsu A Gombe

Duk wanda ya san garin Gombe ya san gari ne da ya tashi a kan ciniki. Tun daga 1919 da aka dawo da mazaunin Sarki daga Nafada zuwa Doma, garin yake ta bunƙasa, balle da aka kafa injin gurzar auduga a 1956, sa'an nan jirgin ƙasa ya iso a 1963. Attajiran wancan zamani sun riƙe harkarsu da abu uku: ƙwaƙwalwarsu, da littafin akawu, da bakin dillali. In Alhaji yana son ya san inda dukiyarsa ta kwana, sai ya kira akawu bayan la'asar su buɗa littafi, kafin magariba an gama.

Yanzu kuwa harka ta fi ƙarfin littafi ɗaya. Gombe ta zama babban birnin jiha tun ran 1 ga Oktoba 1996, da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114. Mai sayar da hatsi a Tudun Hatsi yana iya samun rumbu a Kumo, da wakili a Dukku, da mota a hanyar Kano, kuɗi kuma suna shigowa ta banki da ta waya. Haka ma'aikatun Gwamnati suke, kowace da tulin takardunta. Bayanai sun yi yawa, amma mai harka in ya yi tambaya ɗaya tak, sai a yi mako ana neman amsa.

Wannan ne ya haifar da wata sana'a ta musamman, watau tattara bayanan da suke warwatse cikin littattafai da kwamfutoci, a tace su, a fito da su a kan allo ɗaya yadda mai harka zai duba ya yanke shawara. Ba sabuwar magana ba ce. Tun a 1958 wani masani na kamfanin IBM, Hans Peter Luhn, ya rubuta maƙala a kanta. Kayan aikin ma yanzu ba wuyar samu, daga Excel da kowane akawu ya sani har zuwa irin su Power BI da Tableau. Inda gizo yake saƙa shi ne yadda za a gudanar da aikin har ya kai hannun mai shi yana da amfani.

Tsohon Salo

Yadda aka saba, sai a kira gwanin kwamfuta a ce ya rubuta dukan abin da ake bukata. Ya zauna da manya kwana biyu, ya cika takarda mai shafi da yawa, a sa hannu, a biya kafin alƙalami, ya tafi. Bayan wata takwas ko shekara ya dawo da kaya niƙi-niƙi. A ranar ne mai harka zai fara ganin abin da idonsa, a ranar ne kuma zai gane ba abin da yake nufi ke nan ba. Wani lokaci kuwa abin da ya nema ɗin aka yi masa daidai, amma kasuwa ta riga ta juya, tambayar bara ba ita ce ta bana ba.

Laifin ba na gwani kaɗai ba ne, ba kuma na mai harka ba. Mutum ba ya sanin abin da yake so daga lissafinsa sai ya ga lissafin a gabansa. Tela ya daɗe da sanin haka. Ba ya auna mutum da azumin bana ya kawo masa riga da azumin baɗi. Yakan yanka, ya harhaɗa, ya kira mai riga ya gwada, ya rage nan ya saki can, tun zare bai kama ba.

A watan Fabrairu na 2001 waɗansu masu rubuta manhajar kwamfuta su 17 suka taru a wani wurin shaƙatawa da ake kira Snowbird a Jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwa a kan yadda ya kamata a riƙa yin irin wannan aiki. Sunan da suka ba salon nasu kalmar Turanci ce mai ma'anar zafin nama. Gundarin maganarsu shi ne a fifita abin da ya fara aiki a kan tulin takardu, a zauna da mai kaya tun daga farko har ƙarshe, in kuma bukatarsa ta sake a bi ta, kada a kafe a kan tsarin da aka rubuta tun farko. Masu bin salon sukan yanka aiki gunduwa-gunduwa, kowace ta mako biyu zuwa huɗu. Mai harka ne zai jera tambayoyinsa, ya ce wannan ta fi damuna. A ɗauki ita kaɗai a yi, a nuna masa, ya gyara, sa'an nan a shiga ta gaba.

Abin Da Aka Yi A Gombe

Abin mamaki, inda aka fi ganin irin wannan a fili a Gombe ba a kasuwa ba ne, a harkar lafiya ne. Daga 2016 zuwa 2019 Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Jihar Gombe ta jagoranci wani haɗin gwiwa don inganta kula da mata masu juna biyu da jarirai, aka fara da mazaɓu 57, watau rabin na jihar. Cikin abokan aikin akwai wani shiri mai suna IDEAS na Makarantar Koyon Tsabta da Magungunan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, wanda Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ɗauki nauyinsa. Aikinsa shi ne aunawa: bin gidaje da tambayoyi, duba ɗakunan shan magani, da lura da yadda ake karɓar haihuwa.

A al'adar irin wannan bincike, sai shiri ya ƙare ake buga rahoto mai kauri, a yi biki a otal, a ɗora shi kan kanta ƙura ta ci. A Gombe ba a yi haka ba. Duk bayan wata shida sai a kira taro, a baje alƙaluman da aka samu a gaban shugabannin hukuma da ƙungiyoyin da suke aiki a ƙauyuka. A duba inda aka ci gaba da inda aka tsaya, kowa ya faɗi abin da zai gyara kafin zama na gaba, in an dawo kuma a tambaye shi. Ta haka alƙaluma suka riƙa isa ga masu yanke shawara tun shawarar tana da sauran amfani.

Sai dai nan da nan wata matsala ta fito, wadda duk mai irin wannan aiki zai ci karo da ita. Rahoton wata-wata na ɗakunan shan magani yana shiga wata manhaja da ake kira DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take jagorantar ginawa, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuma ta ɗauke ta don ƙasa baki ɗaya. Da aka gwada abin da yake cikin manhajar da abin da yake cikin rajistar asibiti, sai aka tarar ba ko yaushe suke dacewa ba. Waɗansu abubuwa an ƙara musu, waɗansu an rage, waɗansu guraben kuma ba a cika su ba sam. Allo kome kyansa, abin da aka zuba masa shi zai nuna.

Maganin da aka yi wa wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Ba a sayo sabuwar na'ura ba, ba a kuma kori kowa ba. A 2017 da 2018 aka riƙa tara jami'an ƙididdiga da masu kula da lafiyar mata da yara na dukan ƙananan hukumomi 11, daga Nafada har Shongom, ana zama da su a kan alƙaluman yankunansu na kansu. Kowa ya duba nasa: rahoto nawa ya iso a kan lokaci, gurbi nawa aka bari, ina ne lamba ta yi tsalle ba dalili, yaya aka yi matan da aka ba magani suka fi waɗanda suka zo awo yawa. Ya koma gida ya ci gaba da wannan bincike duk wata, ya kai wa ma'aikatan asibiti abin da ya gano. Rahoton da masu binciken suka buga a 2020 ya nuna an sami ci gaba wajen kawo rahoto a kan lokaci, da cika gurabe, da dacewar lambobi da juna.

Gaskiya dai mutanen Gombe ba su kira wannan da sunan da aka raɗa a Snowbird ba, wata shida kuma tafiya ce mai nisa in an gwada ta da mako biyu. Mai tsananta wa zai ce ai wannan tafiyar raƙumi ce. Amma ƙashin bayan abin ɗaya ne: an kawo kaɗan da wuri, an sa shi a hannun mai amfani da shi, an saurari ƙorafinsa, an gyara, an sake kawowa.

In An Koma Kasuwa

A ɗauki misalin attajirin da yake da shaguna uku da rumbu biyu, ya ɗauko wani yaro da ya gama Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere don ya haɗa masa lissafi. In yaron yana da wayo ba zai ce a ba shi wata shida ba. Zai ce, "Alhaji, wace tambaya ce take hana ka barci?" Watakila amsar ita ce bashi: wa ya karɓi kaya bai biya ba, tun yaushe, nawa ne. To, a mako biyun farko wannan kaɗai zai yi, ko da a shafi ɗaya ne.

Ranar da ya kawo shafin ne za a fara aikin gaske. Akawu zai ce ai wannan mutum ya biya rabi ta waya ba a rubuta ba. Yaron shago zai ce sunan nan biyu mutum ɗaya ne, a wani littafi an rubuta sunansa na yanka, a wani laƙabinsa. Alhaji da kansa zai ce wancan ba bashi ba ne, surukinsa ne, a cire. Sa'an nan a zo kan ma'auni: buhun da aka saya a ƙauye da wanda aka sayar a gari tiya nawa ne a cikin kowanne? Kayan da suka fita bashi, ciniki ne ko sai kuɗi sun shigo? Irin wannan gardama ba a iya yin ta a kan takardar kwangila, domin ba wanda ya san tana nan sai lamba ta fito an ce ba haka ba ne. Gara a yi ta a mako na biyu da a yi ta bayan an gina allo goma a kan ma'anar da ba a yarda da ita ba.

Salon yana da nasa tarko, kuma masu tallarsa ba su cika faɗi ba. Na farko, yana cin lokacin mai harka. In Alhaji ya ce ba shi da sukuni, ya turo ƙaninsa wanda ba ya iya yanke kome, an koma gidan jiya. Wani tarkon shi ne faci a kan faci. Gwanin da yake biyan kowace bukata da gaggawa ba tare da ya tsara inda bayanai za su zauna ba, wata rana zai wayi gari allo biyu suna ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya, daga ranar kuwa ba mai sake yarda da shi. Don haka masu hankali sukan ware wani kashi na kowane zango don gyaran tushe, ko da mai kuɗi bai ga abin da aka yi da idonsa ba.

Wanda ya fi wuya shi ne na kwangila, musamman a ofisoshin Gwamnati. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta Tarayya ta 2007, da irinta na jihohi, sun ginu ne a kan a bayyana abin da za a saya tun farko, a yi takara a kan farashi. Dalilin haka mai kyau ne, don a tsare dukiyar jama'a. Amma jami'in da ya ce zai biya kuɗin aikin da bai san kamanninsa na ƙarshe ba, yana tsoron ranar da mai binciken kuɗi zai zo. Hanyar da waɗansu suke bi ita ce a yanka kwangilar kanta zango-zango, a rubuta tambayoyin da kowane zango zai amsa, kada a biya sai jami'in da zai yi aiki da allon ya zauna ya gwada shi da bayanan ofishinsa na ainihi, ya sa hannu cewa lambar da ya gani ta dace da abin da yake cikin rajista.