Suyar Kaza Mai Lafiya: Yadda Fiffike Zai Soyu Ƙayau Ba Da Mai Da Yawa Ba

Jama'ar ƙasar Bakori, masara da dawa sun yi albarka a wannan yanki namu na Funtuwa da Malumfashi, saboda haka da wuya a shiga gida a ga babu kaji. Ran salla ko ran suna, ko kuwa in baƙo ya sauka, kaza ake kamawa. Naman kaza abinci ne mai gina jiki, yana da amfani ƙwarai ga yara da masu ciki. Amma in ba a gyara shi da kyau ba, shi ne zai kwantar da mutanen gida. A karanta wannan takarda a tsanake, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ina cutar take?

A cikin hanjin kaza akwai waɗansu ƙwayoyin cuta ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Likitoci suna kiran biyu daga cikinsu Salmonela da Kamfilobakta. Kaza tana iya ɗauke da su alhali tana kiwonta lafiya lau. Sa'ad da ake fiɗa da yanka, sai su bazu a kan fata da wuƙa da hannun mai aiki. Wanda ya haɗiye su yakan kamu da ciwon ciki da zawo da zazzaɓi, wani lokaci har da amai. Ta farko takan nuna kanta tsakanin awa 6 zuwa kwana 3, ta biyun kuwa bayan kwana 2 zuwa 5. Don haka ne mutane ba su cika gane cewa kazar shekaranjiya ce ta jawo ba. Babba yakan warke, amma ƙaramin yaro da tsoho zawon na iya kai su ga halaka.

Wuta ce maganin waɗannan ƙwayoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafi ya kai digiri 70 a tsakiyar nama, kusan dukansu sun mutu.

Wace kaza za a ci?

Kada a ci kazar da ta mutu don kanta, kada kuma a yi hanzarin yanka marar lafiya don kada a yi hasara. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna, a farkon 2007 kuma cutar ta kashe wata mace a Legas. In kaji sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a haƙa rami mai zurfi a binne su, a hana yara taɓa su, a gaya wa malamin dabbobi da mai unguwa.

Tukunyar suya da iska

A birane yanzu akwai wata tukunya mai aiki da lantarki, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 2010 da sunan Airfryer. Ba wani sihiri a cikinta. A sama akwai ƙarfe mai yin zafi, da fanka mai hura iskar zafin a kan nama ta kowane gefe. Ana jera fukafukai a kwandon ciki, ba a ɗora wani bisa wani ba, a sa zafi digiri 200, a juya su in an yi rabin lokaci. Cikin minti 25 ko kusa da haka sun soyu, da mai cokali ɗaya kaɗai, ko ma babu.

Wannan tukunya tana cin wuta kamar dutsen guga, ba kuwa kowane gida ke da lantarki ba. Amma abin da take yi, uwargida tana iya yinsa da garwashi. Ga dalili. Fatar fiffike ruwa ne da kitse. Muddin akwai ruwa a jikinta, ba za ta soyu ba, sai dai ta turaru ta yi laushi. In ruwan ya ƙone, kitsen da ke ƙarƙashin fata ya narke, shi ne zai soya ta har ta yi ƙayau. Watau abu uku ake bukata: busasshiyar fata, zafi mai ƙarfi, da sarari tsakanin yanka da yanka. Masu tsire da balangu sun daɗe da sanin wannan.

Yadda za a yi a gida

1. A fige kaza a gyara ta nesa da murhu da randar ruwan sha. Ruwan da aka wanke ta da shi a zuba a rami, kada ya fantsama kan kwanoni ko ganyen da za a ci ɗanye.

2. A raba fiffike a kan gaɓoɓinsa. Daga nan a wanke hannu da wuƙa da faranti da sabulu, tun kafin a taɓa wani abinci ko a ɗauki jariri.

3. A tafasa naman da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri kaɗan, kamar minti 10 bayan ruwa ya tafasa. Romon kuma a yi miya da shi.

4. A tsame a kwando mai tsabta, a rufe da rariya saboda ƙuda, a bari tururi ya fita har fata ta bushe.

5. A shafa man gyaɗa cokali ɗaya, a jera bisa waya a kan garwashin da ya daina hayaƙi. A riƙa juyawa har kowane gefe ya yi ja. Kada a bari ya ƙone ya yi baƙi.

6. Wadda ta fi son kasko, ta zuba mai kaɗan, ta bari ya yi zafi sosai, ta riƙa sa naman kaɗan kaɗan. In an cika kasko, mai zai huce, nama ya sha mai ya yi lagwas.

7. A tsaga yanka mafi kauri har ƙashi a duba. In ruwan da ya fito fari ne garau, naman kuma ba ɗanye ba ne, ya nuna. In da alamar jini, a mayar kan wuta. Jan fata ba shaida ba ne, domin waje kan soyu ciki na nan ɗanye.

8. Kada a mayar da soyayyen nama cikin kwanon da aka zuba ɗanye.

Mai da gishiri da yaji

Man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, yana kumfa yana wari, ya lalace, a zubar. Yawan maiƙo yana kawo ƙiba, yawan gishiri kuwa yana kawo hawan jini. Abin da ya kamata babba ya ci na gishiri a yini bai kai giram 5 ba, watau kamar ƙaramin cokalin shayi, kuma a tuna dunƙulen magi ma gishiri ne. Ƙuliƙulin da za a daka yaji da shi ya zama na gyaɗa mai kyau, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana da guba mai lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe ta.

Abin da ya rage

A ci nama da zafinsa. Dafaffen nama kada ya wuce awa 2 a ajiye, balle lokacin bazara. In an ajiye, a rufe, a kuma sake ɗumama shi har ya yi zafi ƙwarai ciki da waje kafin a ci. Yara ƙanana a zare musu ƙashi tukuna.

In zawo ya kama yaro, a dama ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In an ga jini a bayan gida, ko idanu sun faɗa, ko ya kasa shan ruwa, a kai shi asibiti mafi kusa nan da nan, kada a jira gari ya waye. Rigakafi ya fi magani.