Abubakar Imam da Akun da Ya Iya Hausa

Ɗalibin da ya karanta Magana Jari Ce a makaranta da wuya ya yi zaton yawancin labaran nan baƙi ne. Ai kuwa baƙi ne. Abubakar Imam ya ɗebo su daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamus, da labaran Indiya, inda can ma aku ne ke ba da labari dare bayan dare don ya hana wani fita. Gwanintarsa ita ce ya sa musu rawani da babbar riga har suka saje da 'yan gari.

An haife shi a Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Katsina, ya zama malamin makaranta. A 1933 Rupert East na ofishin talifi a Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, Imam ya shiga da Ruwan Bagaja. Yayansa Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar. Gasa ɗaya, gida ɗaya ya fid da marubuta biyu.

Daga baya East ya ɗauko shi zuwa Zariya, ya tara masa littattafan Larabci da na Turanci. Daga nan Magana Jari Ce ta fito, littafi uku. Masu cewa aro ne kawai ya yi, a ganina ba su saurari yadda Aku ke magana ba. Yadda yake zolayar Musa ɗan Sarki Abdurrahman, da yadda yake yi wa fada ladabi yana kuma juya ta yadda ya so, wannan ba a littafin Bature ya samo shi ba. Imam kunne yake rubuta wa. Shi ya sa ko wanda bai iya boko ba, in aka karanta masa sai ya nemi ƙari, shi ya sa kuma labaran suka zauna daram da gidan talabijin na Kaduna ya mai da su wasan kwaikwayo.

A 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1943 ya je Ingila tare da 'yan jaridar Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Labarin wannan tafiya shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a Zariya a 1981. Allah ya jiƙansa.