KIFIN YAUDARA: AIKIN HANNU MAI KAMA GIWAN RUWA

Duk wanda ya san unguwar Apo ta birnin Abuja ya san ta da taron makanikai da masu walda da masu fentin motoci. Da yamma kuma, can kamar sauran unguwannin birnin, sai hayaƙin gasasshen kifi ya turnuƙe wuraren shaƙatawa. Amma in aka duba abin da ke bisa wutar, galibi tarwaɗar kiwo ce, ko kuwa ƙanƙararren kifin da jiragen ruwa suka kawo daga ƙasashen waje. Giwan ruwa, wanda masunta ke ɗauka tamkar sarkin kifayen kogunanmu, da wuya a ga ƙasaitaccensa.

Abin mamaki kuwa shi ne, irin tarkacen da ake zubarwa kullum a garejojin Apo, watau guntun ƙarfe mai walƙiya da waya da tsohuwar roba da ragowar fenti, da irinsu ne aka kafa wata sana'a wadda ta shahara a duniya. Sana'ar ita ce ƙera kifin yaudara, watau ɗan abin da ake sassaƙawa ko a ƙera da siffar ƙaramin kifi, a maƙala masa ƙugiya, a ja shi cikin ruwa domin babban kifi ya zaci abinci ne ya kai masa cafka.

ASALIN DABARAR

Tun kafin Turawa su isa tsibiran tekun Pasifik, mutanen can suna goge ɓawon kawa mai sheƙi, su ɗaura masa ƙugiyar ƙashi da ɗan gashi, su ja shi a bayan kwale-kwale su kama kifin tuna. A Amurka kuwa, ana ba da labarin wani mutum mai suna Julio Buel, wai cokalinsa ne ya faɗa tafki, yana nutsewa yana walƙiya sai ya ga kifi ya kai masa hari. Daga nan ya yanke mariƙin cokali ya sa masa ƙugiya, kuma a 1852 hukuma ta ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira. Bayansa aka yi James Heddon, wani mai kiwon zuma a jihar Mishigan, wanda ya riƙa sassaƙa kwaɗi na itace, har ya kafa kamfani a 1902.

Amma wanda sunansa ya fi tafiya shi ne Lauri Rapala, wani talakan masunci na ƙasar Finlan. Yana zaune cikin jirginsa a tafkin Paijanne, sai ya lura cewa idan babban kifi ya afka wa garken ƙanana, ba ya kama kowa sai wanda ke da rauni, mai iyo yana tangaɗi. A 1936 ya ɗauki wuƙar baduku ya sassaƙa ɓawon itace marar nauyi, ya naɗe shi da takardar alawa mai walƙiya, sa'an nan ya narka tsohon fim na hoto ya shafe shi da shi maimakon fenti, don ba shi da kuɗin sayen fentin. Ya yi ta gyara har abin ya yi tangaɗi irin na kifi mai ciwo.

A 1962 mujallar Life ta Amurka ta buga labarinsa, aka kuwa yi dace a fitowar da ta ɗauko labarin mutuwar 'yar wasan nan Marilyn Monroe, wadda jama'a suka yi rububin saye. Nan da nan masu neman kayansa suka fi ƙarfin abin da yake iya ƙerawa. Rapala ya rasu a 1974, ya bar kamfanin da ake sayar da kayansa a ƙasashe masu yawa.

Su kuwa manyan kifayen teku, a tsibirin Hawayi aka gano maganinsu. A can akwai kifin marlin, mai dogon baki kamar mashi. A 1954 wani matuƙin jirgi, George Parker, ya kama wanda ya kai fam 1,002, watau sama da kilo 450, da kifin yaudarar da ya haɗa da guntun bututun ƙarfe mai walƙiya da itace da yankakkiyar roba. A wannan zamani ne kuma wani matuƙin, Henry Chee na garin Kona, ya riƙa zuba narkakken ƙaron roba cikin kofin gilashi tare da ɓawon kawa, in ya daskare ya fitar ya goge. Siffar da ya fito da ita har yau ana kwaikwayonta.

YADDA AKE ƘERA SHI

Aikin ba na gaggawa ba ne. Da fari gwani zai zaɓi itace marar nauyi ya sassaƙa shi, ya tsaga shi biyu, ya shimfiɗa waya mai ƙarfi tun daga baki har wutsiya. A jikin wayar nan ake ɗaura zare da ƙugiyoyi, domin ko kifi ya farfasa itacen, ba zai tsere ba. Sa'an nan a sa 'yar dalma a ciki don ya daidaita cikin ruwa kada ya kife, a haɗe shi da gam, a yi fenti, a sa idanu.

Asirin duka yana ga ɗan leɓen da ake kafawa a ƙarƙashin baki. Idan an ja zare, ruwa ya bugi leɓen, shi ne ke sa abin ya nutse yana kaɗawa dama da hagu. Dogon leɓe yana kai shi zurfi, gajere kuwa kusa da saman ruwa. Kaɗawar nan ta fi launi muhimmanci, gama kifi yana da wani layi a gefen jikinsa wanda da shi yake jin motsin ruwa, ko da ruwan ya gurɓace ba a gani. Saboda haka gwani ba ya sallamar aikinsa sai ya gwada shi cikin ruwa, ya ɗan lanƙwasa zoben bakin har ya ga yana tafiya sosai. Mai kyau yakan zama abin ajiya. A 2003 an yi gwanjon wani na tagulla wanda Riley Haskell ya ƙera wajen 1859, aka saye shi dala 101,200.

INA RUWANMU?

Mu ma muna da kifin da wannan dabara ta dace da shi. Giwan ruwa mafarauci ne, kifaye 'yan'uwansa yake ci, yana iya kai tsawon mita 2, kuma ana samunsa a Kwara da Binuwai da tafkin Kainji da na Chadi. Haka nan tsage, mai haƙora kamar zarto. A tafkin Nasar na ƙasar Masar, tun shekarun 1990 baƙi suke biyan kuɗi masu yawa don su kama giwan ruwa da kifin yaudara, su auna shi, su mayar da shi ruwa da ransa, 'yan ƙasa kuma su ne matuƙa da 'yan jagora. A can ne aka kama mai kilo 104 a Disamba ta 2000.

Masuntanmu ba baƙin aikin hannu ba ne. Sarkawa da Kabawa sun gaji saƙa homa da birgi da gura, maƙera kuma suna ƙera musu ƙugiya da zago. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu garin, ba a yarda kowa ya shiga kogin Matan Fada da wani abu ba sai homa da gora. Da su ɗin ne aka fito da mai kilo 75 a 2005, da mai kilo 78 a 2020. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Dalilin da ya sa ake samun irin waɗannan a Matan Fada ba ɓoyayye ba ne. Sarkin Ruwa yana tsare wurin, ba a yin su a cikinsa sai lokacin biki, kifi ya sami sararin girma. A sauran wurare kuwa, taru mai ƙananan idanu yana kwashe kifi tun yana ɗan yatsa, wasu marasa tsoron Allah kuma suna zuba gamale su kashe babba da yaro, su sayar wa jama'a guba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da na 1980. Manyan giwan ruwa galibi mata ne, kowace tana zuba miliyoyin ƙwai, saboda haka rasa guda ɗaya hasara ce ta shekaru.

Ba wanda zai ce kifin yaudara zai maye gurbin koma wajen ciyar da iyali, domin ɗaya-ɗaya yake kamawa. Amfaninsa shi ne yana zaɓe. Ba ya taɓa 'ya'yan kifi, ba ya ɓata ruwa, kuma wanda ya kama ana iya sakinsa. Masu sha'awar wannan irin su a ƙasar nan daga waje suke sayo shi da tsada, alhali masassaƙin da ke fitar da ludayi da akushi, da maƙerin da ke lanƙwasa ƙugiya, da mai fentin mota, in sun haɗa hannu ba abin da zai gagare su.

Ya kamata cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa da makarantun koyon sana'a su gwada wannan aiki da itatuwanmu, su koya wa matasa. Amma kafin nan, wajibi ne hukumomin jihohi da sarakunan ruwa su tsaya kan hana gamale da ƙaramin taru, su keɓe wuraren da kifi zai huta kamar yadda ake yi a Argungu. In ba a yi haka ba, ko an ƙera kifin yaudarar, ba za a sami giwan ruwan da zai kai masa cafka ba.